Hirar Kiril da Ta Tsufa a Rumbu

Cikin duk shekarun da na yi a gidan rediyon nan, ban taɓa mantawa da ranar wata ƙaramar Sallah ba, ranar da na tsaya a ƙofar situdiyo cikin babbar riga ina zufa, ido ɗaya a kan agogo ɗaya a kan lifta, duk saboda wata halittar teku da ba ta wuce tsawon ɗan yatsana ba. Ku da kuka zo aiki bayanmu kuna yawan cewa Malam Haruna ya cika masifa idan aka taɓa masa jadawali. Gaskiya ne, na cika. Amma ku saurari inda abin ya samo asali.

A farkon shekarun 2010 ne. Ni ne mai shirya shirin kimiyya na sashen Hausa a nan Washington, minti goma a mako, a cikin shirin dare, wato wanda mutanen gida ke ji bayan sallar Isha, mu kuma a nan rana ce tsaka. Ga wanda bai san tsarinmu ba, akwai shugaban sashe a sama, sai editoci, sai mu masu shirya shirye-shirye, sai injiniyoyin da ke riƙe da na'ura. Shugabanmu a lokacin shi ne Alhaji Tukur, mutumin kirki, mai kyauta, mai son a yi dariya, amma a wurinsa labari iri biyu ne kawai a duniya: siyasa, da sauran tarkace. Shirina yana cikin tarkacen.

Muna da wani abu da muke kira rumbu. Wuri ne a cikin kwamfuta inda ake tara shirye-shiryen da aka riga aka naɗa, waɗanda ake ganin ko yaushe aka sa su daidai ne. Idan an sami giɓi, ko ranar hutu da ma'aikata suka yi ƙaranci, sai a ɗebo daga ciki. Dokar Alhaji Tukur ita ce duk abin da ya shafi kimiyya rumbu ne gidansa. Ya sha gaya mini cewa labarin siyasa kamar danyen nama ne, in ya kwana ya lalace, amma kimiyya busasshiyar kuɓewa ce, ko baɗi aka jiƙa ta za ta yi yauƙi. Idan ya faɗi haka sai kowa ya yi dariya, ni ma in yi yaƙe.

Babbar wahalar shirina ita ce samun masanin da zai yi bayani da Hausa. Likitoci muna da su, masana tattalin arziki kuwa har sun yi yawa. Amma wanda ya san teku? Sai ka yi wata shida kana fassara maganar Bature kana ɗora muryarka a kan tasa. Shi ya sa ranar da na haɗu da Dakta Balaraba a wani taron suna a Silver Spring, na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Matata ce ta jawo ta ta ce mini ga wata 'yar Yawuri da ke zuwa ƙarshen duniya. Na ɗauka zolaya ce, ashe da gaske ne. Tana aiki da wata cibiyar bincike a Germantown, kuma kowace shekara idan mu muna tsakiyar sanyi, ita tana cikin jirgin ruwa a tekun Antatika, can kudancin duniya, inda lokacin ne bazararsu. Aikinta shi ne auna yawan kiril.

Na tambaye ta mene ne kuma kiril. Ta ce in ɗauka jatan lande ne ƙanana, ja-ja, masu tafiya a dunƙule kamar fara, har ruwa ya canza launi. Kusan duk mai rai a wannan teku a kansu yake rayuwa: tsuntsun fengwin mai tafiya a tsaye, da sil, wata dabba mai shayarwa da ke hawowa gaɓa ta haihu, da manyan dabbobin nan na wel da suka fi mota girma. Kuma yawan kiril ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wata shekara ya cika teku, wata shekara a neme shi a rasa. A tsibirin da suke aiki, in ji ta, bana an rasa. Iyayen fengwin suna yin nisa neman abinci, su dawo da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, 'ya'yan suna mutuwa a cikin sheƙa. Uwar sil takan daɗe a teku har ɗanta ya rame a gaɓa yana kuka.

Nan take na nemi ta zo mu yi hira. Ta ce za ta zo, amma ba don ni ba. Mahaifinta, Malam Ɗanladi, tsohon masunci ne a Yawuri, ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ji ma ya ragu, kullum yana ƙofar gida da rediyonsa. Shekara da shekaru tana ƙoƙarin bayyana masa aikinta a waya, abin ya ƙi shiga. Idan abokansa suka tambaye shi me ɗiyarsa ke yi a Amurka, sai ya ce wai ƙirga jatan lande, su kuwa su yi ta yi masa dariya. Ta ce abin da aka faɗa a rediyo shi ne gaskiya a wurin Baba da abokansa, don haka tana so ya ji ta a can, a gaban mutanensa.

Mun naɗi hirar a watan Maris, ba ta daɗe da dawowa daga teku ba. Ban taɓa yin hira mai daɗinta ba. Ta bayyana yadda suke aika sauti cikin ruwa daga jirgi su ga inda kiril ya taru, da yadda suke jefa koma su ɗebo su auna, da yadda suke ɗora 'ya'yan fengwin a sikeli. Ta ce ko kashin tsuntsayen ka duba za ka san halin da ake ciki, don idan suna samun kiril ja-ja yake fita. Ta bayyana cewa ƙananan kiril a ƙarƙashin ƙanƙarar teku suke fakewa da hunturu suna cin gansakukar da ke manne da ita, saboda haka shekarar da ƙanƙara ta yi faɗi ta daɗe, ana sa ran samunsu da yawa a gaba. Sai ta kawo misalin da na san don mutum ɗaya ta tanade shi. Ta ce kamar kogin Kwara ne, shekarar da ruwa ya cika ya malale fadama, kifi ya sami wurin haihuwa, masunta su san akwai alheri a gaba. Shekarar da ruwa ya tsaya a gindinsa kuwa, kowa ya shirya. Isufu, injiniyanmu ɗan Maraɗi, wanda bai taɓa yaba wa shirina ba, ya cire abin kunnensa ya ce wallahi yau ya ƙaru.

Na kai wa Alhaji Tukur, na ce masa wannan ba ta rumbu ba ce, don daga farko har ƙarshe maganar bana ake yi. Ya ce babu damuwa, Alhamis mai zuwa. Na tambaye shi ko in gaya wa baƙuwar. Ya ce in gaya mata mana, shi ne fa shugaban sashe. Na buga mata waya, ita kuma ta buga gida.

Daga baya ne ta ba ni labarin abin da aka yi a Yawuri. Tsohon ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, ya aika aka sayo sababbin batura da goro, ya gayyaci abokansa har da liman. Mu kuwa a nan, ana saura kaɗan a shiga shiri, sai ga labari daga gida cewa an sami wata tangarɗa a shirye-shiryen zaɓe. Aka ɗage shirina aka sa masu sharhi. Wannan ban yi jayayya ba, aikin jarida ya gaji haka. Na ba Dakta haƙuri, ta ce ba komai, Baba ma ya ce sun sha labarin zaɓe sun watse.

Na biyun ne ya fara ƙona mini rai. Bayan zaɓe ya lafa, Alhaji Tukur ya sake ba ni rana, da bakinsa, a gaban editoci. Aka sake shimfiɗa tabarmi a Yawuri. Sai ga wani babban mutum daga gida ya zo Washington duba lafiyarsa, ya biyo ta ofis gaisuwa. Ku kun san al'adarmu. Babban mutum ba ya shigowa sashen nan ya fita ba a sa shi gaban makirufo ba, ko da kuwa ba shi da abin faɗa. Rashin yin haka cin fuska ne. Kuma ba a taɓa labarai, ba a taɓa wasanni, ba a taɓa gaishe-gaishe, don masu sauraro za su yi ca. Minti goman kimiyya su ne tabarmar baƙi. Na bi Alhaji Tukur har ofis na tuna masa cewa akwai tsoho yana jira.

"Malam Haruna," in ji shi, "jatan landen nan naka guduwa za su yi? Mutumin nan jibi zai koma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon ma ba mu san yaushe zai koma ba."

Ya ce in daina yi wa mutane mugun fata. Baƙon ya shiga ya cinye mintunana yana gode wa waɗanda suka tarbe shi a filin jirgi, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da muƙamansu. Ina zaune a bayan gilashi kusa da Isufu ina kallo.

Na ukun ko dalilinsa ban iya tunawa, kuma wannan ya isa ya nuna muku girman dalilin. Abin da na tuna shi ne muryar Dakta washegari. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wannan karon mutane kaɗan ne suka zo, kuma da shirin ya ƙare ba a ji ta ba, wani daga cikin abokan Baba ya ce wataƙila rediyon ne bai san ta ba. Tsohon ya kashe rediyon. Ya naɗe tabarmarsa, ya miƙa wa jikansa shi ya ce ya kai ɗaki. Tun daga ranar ya daina kama tasharmu da dare. Ta ce, "Malam, don Allah kada ka sake ba ni rana. Ba zan ƙara sa Baba ya tara mutane ba."

Haka hirar ta gangara rumbu. Na yi ta tuni har Alhaji Tukur ya fara canza hanya idan ya hango ni a baranda. Shekara ta juyo, Dakta ta koma teku, ta dawo. Da na kira ta yi mata barka da zuwa, sai na ji muryarta wasai. Ta ce bana teku ya cika. Kiril ko'ina, duwatsun tsibirin sun yi ja da kashin fengwin, 'ya'yan sun yi ɓul-ɓul har ɗaga su zuwa sikeli aiki ne, dabbobin wel suna zagaye jirgi. Sannan ta ce in goge waccan hirar, ta mutu. Na je na gaya wa Alhaji Tukur haka, kuma na nemi a ba ni fili mu sake sabuwa. Ya ce in bari a ga yadda jadawali zai yi, amma kada in goge komai, ba a zubar da abin da aka kashe lokacin situdiyo a kansa. Ni ba ni da ikon cire abu daga rumbu, sai edita, editan kuma sai da izinin shugaba.

Sai ƙaramar Sallah ta zo, a tsakiyar zafin nan na Washington mai sa riga ta manne a jiki. Ranar Sallah masu ƙananan yara ake ba hutu, irinmu da 'ya'ya suka girma mu riƙe gida. Na taso daga Idi kai tsaye, ban ko canza kaya ba. Ina shiga Isufu ya tare ni da fara'a.

"To, Malam Haruna, barka da Sallah. Yau dai Allah ya yi, an fiddo kiril ɗinka. Shina cikin shirin dare."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe Alhaji Tukur, kafin ya tafi hutunsa, ya leƙa rumbu ya ɗebo abin da zai cike giɓin ranar, hannunsa ya faɗa kan hirar da ta shekara da watanni tana jira. Ba ni da masaniya, baƙuwar ba ta da masaniya, kuma saura 'yan awoyi a shiga.

Na kira Dakta. Tana gida a Germantown, tana tuyar naman kaza, ina jin ƙarar mai. Na gaya mata, kuma ba zan ɓoye muku ba, shawarar da na ba ta ita ce a bar hirar ta tafi. Na ce zan yi gabatarwa in ce an naɗe ta bara, shi ke nan. Ta buga gida yanzu, tsoho ya kunna rediyo, a wuce wurin. Ta ce a'a. Na ce wa zai je Antatika daga Yawuri ya duba? Ta ce ba wannan ba ne. Mai sauraro ba ya riƙe gabatarwa, abin da zai riƙe shi ne muryarta tana cewa bana 'ya'yan tsuntsaye suna mutuwa, ya tafi da cewa kiril ya ƙare a duniya. Alhali duk abin da ta kashe ƙuruciyarta tana koyo shi ne cewa shekara ɗaya ba ta ba da labari. Rashin bara bai nuna an ƙare ba, yalwar bana ma ba ta nuna an tsira ba, sai an jera shekaru masu yawa kafin a ga inda abin ya dosa.

"Malam," ta ce, "sau ɗaya Baba zai ji ni. Ba zan so ya ji ni ina faɗin abin da na san ba haka yake ba."

Na ce to mu yi sabuwa kai tsaye ta waya. Nan ma ta ƙi. Ta ce muryar waya idan ta bi ta gajeren zango ta isa Yawuri kamar mutum yana magana a cikin tulu take zama, Baba kuma kunnensa ya yi nauyi. Za ta zo da kanta. Na ce to ki buga gida tun yanzu. Ta ce ba za ta buga ba sai ta ga kanta a kan kujerar situdiyo, don ta san halinmu. Wallahi a wannan lokacin ban san wanda ya fi ba ni haushi ba, shugaban da bai ɗauki komai da muhimmanci ba, ko masaniyar da ta ɗauki komai da muhimmanci. Amma a maganar sanin halinmu tana da gaskiya.

Saura izinin shiga kai tsaye, don ranar hutu ba a canza abin da shugaba ya tsara sai da yardarsa. Na kira Alhaji Tukur a gidansa a Silver Spring. Gidan cike da baƙi, ina jin cokula da dariya. Na yi masa bayani, ya ce shi bai gane ba, jatan landen bara da na bana ba duk jatan lande ba ne? Na ce ranka ya daɗe, da za a ɗauko rahoton farashin gero na bara a sa yau a ce na bana ne, za ka yarda? Ya ce wannan ai daban, gero abinci ne. Na ce wannan ma abinci ne, masu cin ne kawai ba su da rediyo. Ya yi dariya har da tari, ya maimaita wa baƙinsa, su ma suka yi. Sannan ya ce in yi yadda na ga dama, amma idan baƙuwata ba ta iso ba, in sa tsohuwar ko in sa kiɗa, kada in bar masa iska babu komai.

Daga Germantown zuwa ofishinmu ba nan kusa ba ne. Sai ta bi babbar hanyar 270 da mota zuwa tashar jirgin ƙasa, ta ajiye motar, ta hau jirgin, ta sauka ta taka. Na yi ta kai da komo tsakanin situdiyo da lifta. Aka shiga shiri, mai karanta labarai ya fara, ba ta iso ba. Aka shiga rahotannin Sallah daga garuruwa, ba ta iso ba. Isufu ya ɗora kiɗa a layi ɗaya, tsohuwar hira a ɗayan, ya ce in zaɓa. Ana cikin rahoto na ƙarshe lifta ya buɗe, sai ga ta da lulluɓin Sallah da takalmin gudu, tana haki, tana ƙanshin soyayyen nama.

Ta zauna, ta dubi makirufo, sannan ta ciro wayarta ta danna lambar ƙanenta. Ba ta shiga ba. Ta sake, ba ta shiga ba. Duk wanda ya taɓa kiran gida ranar Sallah a waɗannan shekarun ya san yadda layi ke cushewa, duniya gaba ɗaya tana son yi wa uwarta barka a lokaci guda. Ta miƙa wa Isufu wayar ta ce ya yi ta gwadawa. Jar fitila ta kama.

Abin da ta yi a minti goman nan ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ta ba da labarin shekaru biyun a jere, ta rashi da ta yalwa, a tsibiri ɗaya, da tsuntsaye ɗaya. Ta faɗi yadda bara ta ɗauki ɗan fengwin a tafin hannu ba nauyi, bana kuma wani ya tsattsage mata safar hannu don ƙarfi. Ta kawo misalin Kwara da fadama, ta ƙara da cewa a wurin mahaifinta ta fara koyon cewa ba a yanke wa ruwa hukunci da shekara ɗaya, ta ambaci sunansa, Malam Ɗanladi na Yawuri. Duk wannan tana yi ne idonta yana kan gilashi, inda Isufu ke riƙe da na'ura da hannu ɗaya, waya a kunne da ɗayan. Duk lokacin da suka haɗa ido sai ya girgiza kai.

Layin bai shiga ba sai da aka rufe shiri muka fito baranda. Ƙanenta ya ɗauka, ya ce Baba ya yi sallar Isha ya shiga ɗaki tun ɗazu, lafiya?

Washegari da safe a Yawuri mutane suka yi ta zuwa ƙofar gidan. Mai shayi ya ji, liman ya ji, har wanda ya ce rediyo bai san ta ba ya ji, shi ne ma ya fara zuwa. Suka yi ta ba tsohon labarin tsuntsu mai tafiya a tsaye da ƙanƙarar da ke rufe teku, suna cewa an ambaci sunansa duniya ta ji. Ya yi ta amsa barka. Da Dakta ta same shi a waya ta ce za ta kunna masa shirin yanzu ya saurara, ko ta aiko masa da faifai. Ta ce mini sai ya ce:

"A waya kullum ina jin ki. Kowa ya ji ɗiyata cikin rediyo, ban da ni."

Bayan hutu na shiga ofishin Alhaji Tukur na ba shi labarin duka, ban rage komai ba. Abin ya dame shi, don na gaya muku ba mugun mutum ba ne. Ya ce lallai a maimaita shirin, kuma shi da kansa zai gaishe da tsohon a iska. Na ce yaushe? Ya ce in bari a fita daga hidimar wani babban taro da ke tafe. Aka fita daga taron aka shiga wani abu, aka fita daga wannan aka shiga babbar Sallah. Na yi tuni har na gaji da jin muryata. Dakta ba ta sake tambayata ba, ko sau ɗaya. Tana cikin jirgi a tekun kudu, a zuwanta na gaba, aka aiko mata cewa Malam Ɗanladi ya rasu. Ba a maimaita shirin ba.

Na je yi mata ta'aziyya da ta dawo. Ta karɓe ni da mutunci, ta kawo mini ruwa, muka yi addu'a. Bayan nan na tambaye ta yaya teku bana. Ta ce tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa. Ban nemi ta zo ta faɗa a rediyo ba, ita ma ba ta yi tayi ba.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu shi ne, mu 'yan jarida mun ɗauka abin da ɗan siyasa ya faɗa ne kawai ke da ranar lalacewa. Teku ma yana da labarinsa na bana, daji yana da nasa, kuma wanda ya sa na bara a madadinsa ƙarya ya watsa ko da bai yi niyya ba. Game da mutanenmu kuma, mun iya girmama wanda ya shigo ofis da babbar riga muna ganinsa, ba mu iya girmama wanda ke zaune a ƙofar gidansa yana jiranmu ba. A wurinmu ɗage shiri jan layi ne a kan allo. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo ya ce mini a matsar da minti goman nan zuwa mako mai zuwa, ko shugaba ne, sai na tambaye shi ko ya san wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma.